Ranar da Aka Raba Inna da Murhunta

Inna ta yi shekaru masu yawa tana girki a kicin ɗin wata makarantar kwana, inda tukunya ɗaya sai mutum biyu sun kama kafin a sauke ta. Duk tsawon zamanta a wurin ba a taɓa yin gobara a hannunta ba, kuma ta fi alfahari da wannan a kan daɗin miyarta. Da ta ajiye aiki, abokan aikinta suka haɗa hannu suka saya mata murhun gas mai kai huɗu, fari ƙal, da wurin gashi a ƙasa. Sai da ƙarti suka yi gumi sharkaf kafin su hau da shi bene, zuwa ɗan gidan da take haya: ɗaki da falo, da siririn kicin mai taga ɗaya da ke kallon tsakar gida, inda maƙwabta suke shanya.

'Ya'yanta biyu ne, kuma ita kaɗai ta rene su, domin mahaifinsu ya rasu tun suna ƙanana. Babban namiji ne, direban babbar mota, yau yana wannan gari gobe yana wancan, kowa Yaya yake ce masa har ita Inna. Ƙaramar kuwa Auta ce. Lokacin da murhun ya zo Auta ba ta yi aure ba, saboda haka a kanta dokokin Inna suka ƙare. A buɗe taga kafin a kunna wuta. A ƙyasta ashana tukuna, sannan a murɗa makunni. Hannun tukunya a juya shi ciki, kada wani ya wuce ya ture. Ba a shiga kicin da mayafi yana lilo. In an gama, a rufe daga jikin tukunyar gas ɗin, ba daga murhu kaɗai ba.

Duk ranar da mai gas ya kawo sabuwar tukunya, Inna ba ta barinsa ya tafi sai ta kaɗa kumfar sabulu a kofi, ta shafa a tiyo da duk wata mahaɗa, ta durƙusa tana kallo ko kumfar za ta yi ƙwai. Shi kuwa yana tsaye yana kaɗa makullin babur ɗinsa.

"Inna, ke kam ko jirgin sama ba a yi masa irin wannan binciken," yakan ce.

"Jirgin sama ba a gidana yake kwana ba," takan ce masa, ko ɗago kai ba ta yi.

Auta ta yi aure ta koma can wani gefen gari, ta sami aiki a wani kantin sayar da magani. Amma kusan kullum in ta tashi daga aiki sai ta biya ta gaida Inna kafin ta wuce gida, kuma da wuya ta fito hannu rabbana. Ko da wake ne da shinkafa, sai an ƙulla mata a kwano ta kai wa mijinta, wanda Inna take cewa tun da ya auri 'yarta yake ramewa.

A hankali abubuwa suka fara sauyawa, kuma Auta ta daɗe tana ba su wani suna. Ranar da miya ta yi gishiri har ba ta ciyuwa, ta ce gajiya ce. Ranar da ta tsinci makullin gida a cikin firiji, su biyun suka yi ta dariya har da hawaye. Ranar da Inna ta kira ta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, Auta ta amsa kawai, ta ce ai kowa yana tuntuɓen harshe.

Wata la'asar Auta ta zo kamar yadda ta saba, da ledar lemo a hannu. Tun tana tsakiyar matakala warin ya dake ta, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ta saki ledar, lemo ya yi ta gangarawa ƙasa, ta haye sauran matakalar da gudu. Ƙofa a buɗe take. Falon ya cika da wari har yana kama maƙogwaro, tagogi duk a rufe, labule a sake. Hannunta ya kai kan makunnin fitila don ɗakin da duhu, sai ta janye shi kamar ta taɓa kunama. Ta shiga kicin tana toshe hanci da gefen mayafi. Tukunyar madara ce ta tafasa ta zubo ta kashe wutar, makunni kuwa yana nan a buɗe, gas yana ta huci. Ta rufe shi, ta sunkuya ta rufe daga jikin tukunyar gas ɗin, ta banka taga.

"Inna! Inna!"

"Ga ni nan a ɗaki, me ya faru kike kira kamar ana kora ki?"

Inna ta fito daga ɗaki da fara'arta, tana girgiza kwalin ashana a kusa da kunne. "Wutar ce ta mutu, na yi ta neman ashana, ashe tana ƙarƙashin matashi. Bari in kunna, yanzu za ki sha shayi."

Har ta zaro tsinke ɗaya. Auta ba ta san lokacin da ta damƙe hannun mahaifiyarta ba, ta matse shi da ƙarfin da ba ta taɓa sa mata ba, ta ɓamɓare yatsun ta ƙwace kwalin. Ta ja ta suka fita, suka sauka har tsakar gida, Inna ko takalmi babu. Auta ta koma ta buɗe sauran tagogin, ta ƙwanƙwasa wa maƙwabta ta ce kada kowa ya kunna wuta ko fanka. Da ta dawo ta tarar da Inna zaune a kan wani bokiti da aka kife, tana murza wuyan hannunta.

"Inna, ba ki ji warin ba?"

"Wane wari?"

"Gas, Inna. Gidan duk ya cika."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Ni zan bar gas a buɗe? Ki san abin da za ki faɗa. Wani dai ya shigo ya taɓa mini murhu."

Auta ta tsuguna a gabanta, ta ga shatin yatsunta a hannun tsohuwar, sai kuka ya ƙwace mata. Inna ce ma ta koma lallashinta, tana shafa mata kai tana tambayar ko mijinta ne ya ɓata mata rai.

Likitan da suka gani ya yi wa Inna tambayoyi, wasu ta amsa, wasu ta mayar da su wasa, ta ce masa shi ma in ya kai shekarunta a zo a tambaye shi yau wace rana ce. Ya yi dariya. Da nas ta fita da ita awon jini, ya daina dariyar. Ya gaya wa Auta cewa ciwon mantuwa ne irin na tsufa, akwai maganin da zai ɗan rage masa gudu amma babu mai tsayar da shi, kuma jin wari yana cikin abubuwan da sukan fara tafiya. Ya ce kada a ƙara barinta ita kaɗai da wuta.

Yaya yana kan hanya lokacin da Auta ta kira shi, ana jin ƙugin mota a bayansa.

"To me ake jira?" ya ce. "A fitar da murhun nan yau. Ki ɗauke ta ki kai ta gidanki."

"Yaya, na yi mata maganar. Ta ce gawarta ce kaɗai za ta bar gidan nan."

"Ita za ki biye wa? Mara lafiya ce."

"Kai ba ka ganinta ne. In aka ɗauke murhun nan, me ya rage mata? Tun safe har yamma me za ta yi, ta zauna tana kallon bango?"

"Gara ta kalli bango da ta tashi bene guda da mutane a ciki."

Ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya fi yi mata ciwo. Shi zai faɗa daga nesa ya kashe waya, ita ce za ta tsaya gaban Inna ta aikata.

Sai ta nemo wata dabara. Ta cire kan gas ɗin, wato ƙarfen da ake ɗaura wa tukunyar wanda tiyo yake fita daga jikinsa, ta sa a jaka ta tafi da shi. Ta sayo babban fulas, kullum da safe kafin ta wuce aiki ta kawo ruwan zafi da abincin rana. Ta roƙi maƙwabciyar Inna, wata mai ɗinki da ƙofarsu take kallon juna, ta riƙa leƙa ta. Mai gas kuma ta same shi a shagonsa ta yi masa bayani. Ya cire hula ya ce, "Inna fa? Inna mai kumfa?"

Washegari da yamma ta tarar da Inna a tsaye a ƙofar kicin, ta harɗe hannuwa.

"Na kira mai gas," in ji Inna. "Ya ce wai kan ya lalace an kai gyara. Yaron nan bai iya ƙarya ba, muryarsa rawa take yi. Buɗe jakarki."

Auta ta buɗe. Inna ta leƙa, ta ga abin kwance tsakanin waya da kwalbar turare.

"Ni za ki ɓoye wa kan gas? Ni da na koya miki riƙe ashana? Yara ɗari-ɗari na ciyar, ko gashin giran ɗaya bai taɓa ƙonewa ba. Yau ni ce abin tsoro a gidana?"

"Inna, ba haka ba ne. Likita ne ya ce..."

"Likita ne ya haife ki?"

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ranar ko ruwan fulas ɗin ba ta taɓa ba. Auta ta zauna a falo har aka fara kunna fitilun titi, sannan ta tashi ta tafi, tana tafe tana share ido da bayan hannu, har mai motar haya ya tambaye ta ko rasuwa aka yi.

Amma fushin bai daɗe ba, domin ciwon da ya kawo shi shi ne kuma ya tafi da shi. Suka shiga wani sabon zama. Auta takan zo da yamma ta ɗaura kan gas, su yi girki tare, in sun gama ta cire ta tafi da shi. Wani lokaci Inna takan yi mita, wani lokaci takan ɗauka dama can haka ake yi. Kuma abin mamaki, da zarar ta tsaya gaban murhun sai ta dawo Innar da aka sani. Hannunta ya san inda komai yake. Tana yanka albasa ba ta ko kallon wuƙar. Wata rana ta ga harshen wutar ya yi ja yana baƙanta gindin tukunya, ta ce a kashe. Da ya huce ta cire kawunan murhun ta jiƙa su a ruwan ɗumi, ta sa allura tana bin ƙananan ramukan ɗaya bayan ɗaya, ta goge su tas ta bari suka bushe. Da aka mayar aka kunna, wutar ta tashi shuɗiya, lumui, ba ko hayaƙi.

"Kin gani?" ta ce. "Wuta in ta yi ja, ƙorafi take yi. Ke naki na gida yaushe rabon da ki wanke shi?"

"An ɗan kwana biyu."

"An ɗan shekara biyu dai. Allah ya ji ƙan cikin mijinki."

Auta ta yi dariya har ta riƙe ciki. A irin waɗannan ranaku takan koma gida da sauƙin zuciya, ta ce wa mijinta wataƙila likitan nan ya cika baki ne. Shi kuwa sai ya ce Allah ya sa, ya ci gaba da cin abincinsa.

Haka aka yi ta tafiya har wata ranar da Yaya ya kira Inna da safe, ya ce mata hanya ta biyo da shi, in an sauke masa kaya da wuri zai shigo ya gaishe ta. Bai gaya wa Auta ba, don yana so ya ba ta mamaki. Inna, wadda takan manta ko ta karya kumallo, wannan maganar kam ta riƙe ta gam. Ɗanta zai zo daga tafiya, kuma ba a taɓa yi ya zo ya tarar da tukunyarta a bushe ba.

Abin da ya biyo baya, daga bakin mai ɗinki da mai kantin ƙasan bene Auta ta tattara shi. Inna ta yi ta murɗa makunnin murhu bai kama ba. Sai ta shiga ƙarƙashin gado ta jawo wani tsohon risho da ta yi amfani da shi tun kafin a san gas a gidan, wanda Auta ta manta ma yana duniya. Ta sa mayafi ta sauka ta sayo kananzir a kwalba. Mai kantin ya ce ta gaishe shi lafiya lau, har ta tambayi matarsa, shi bai ga wata alama ba. Ta hau ta zuba, ta kunna, ta ɗora tukunya a ƙasan kicin. Lagwanin ya bushe ya daɗe, wutar tana ta yin ƙasa-ƙasa. Sai ta ɗauko kwalbar ta ƙara kananzir wutar tana ci, mayafin da ta fita da shi yana nan a kafaɗarta.

Mai ɗinki tana kan keke ta ji ihu. Ta ce da ta shigo, wutar ta kama mayafin da hannun riga, Inna tana tsaye tana kaɗa hannu, wutar tana ƙara tashi. Ta fizgo bargon da ke kan kujera ta rufa mata, ta kayar da ita ƙasa ta danne har wutar ta mutu, ta jiƙa buhu ta kifa a kan rishon. Mutane suka cika gidan, wannan ya ce a fasa ƙwai a shafa, wancan ya ce man goge baki, wata ta taho da man gyaɗa. Mai ɗinki ta kore su duka, ta kai Inna bakin famfo ta sakar mata ruwa a hannun ta riƙe ta a wurin, har aka samo mota.

Auta tana miƙa wa wani mutum maganin tari aka kira ta. Ba ta san yadda ta isa asibitin ba, sai dai ta ga kanta da farar rigar aiki a bakin wani ɗaki, ana ce mata ta jira. Ƙunar ta ci hannun dama tun daga yatsu har kafaɗa, ta ɗan taɓa wuya. Da aka bar ta ta shiga, Inna tana kwance an naɗe hannun da bandeji, ta yi ƙanƙanta a kan gadon kamar ba ita ba.

"Auta, kin sauke tukunyar?" ta ce. "Kada ta kama."

"Na sauke, Inna."

Yaya ya iso da yamma, kai tsaye daga inda ya ajiye mota, da ledar tsaraba a hannu. Ya leƙa ya ga Inna tana barci, ya jawo Auta zuwa baranda.

"Me na gaya miki? Ban ce ki ɗauke ta ba? Kin tsaya wasan yara da kan gas a jaka, ga shi nan."

"Kada ka ɗaga mini murya, Yaya. Ni ce nake nan kullum. Kai sau nawa ka zo?"

"Aiki nake yi!"

"Ni wasa nake yi?"

Wata nas ta leƙo ta ce su tuna a asibiti suke. Mai ɗinki, wadda tun rana ba ta tafi ba, tafin hannunta ita ma a naɗe, ta taso daga benci ta tsaya tsakaninsu.

"Ku yi haƙuri ku bar wannan maganar," ta ce. "Da safe ta shigo wurina tana murna, ta ce babban ɗanta zai zo, in ara mata albasa. Na ba ta, ban kawo komai a raina ba. In laifi ne, ni ma ina ciki."

Yaya ya dube ta. "Ni take yi wa girkin?"

Ya ajiye ledar a ƙasa a hankali, ya juya ya fuskanci bango, ya dafa shi da hannu biyu. Auta ba ta taɓa ganin yayanta yana kuka ba, ko ranar da aka binne mahaifinsu. Kafaɗunsa kawai take gani suna girgiza. Ta je ta tsaya kusa da shi, ba ta taɓa shi ba. Ita ma tambayoyinta suna cin ta: da ta bar gas ɗin, da Inna ba ta nemi risho ba, da ta ɗauke ta tun farko, da yanzu tana zaune da fushinta amma da hannunta lafiya. Ta juya su ta kowace fuska, ba ta sami wadda za ta ba ta sauƙi ba.

Daga asibiti gidan Auta aka wuce da Inna, ba ta ma tambayi dalili ba. Mijin Auta ya kwashe kayan aikinsa daga ƙaramin ɗaki ya sa mata gado kusa da taga. Aka samo wata 'yar'uwar mahaifinsu, bazawara mai haƙuri da suke kira Gwaggo, ta riƙa zama da ita da rana. Ƙofar kicin kuwa aka sa mata kwaɗo.

Yaya da Auta suka je kwashe kayan tsohon gidan. Baƙin hayaƙi yana nan a bangon kicin, ya hau har silin, amma murhun ko ƙwarzane bai yi ba. Kicin ɗin Auta ba zai ɗauke shi ba, Yaya kuma ba shi da inda zai kai shi. Suka tura shi zuwa ƙofar da ke kallon tasu. Mai ɗinki ta ce ba za ta karɓa ba, ita ba don a biya ta ta yi ba. Auta ta ce ba biya ba ne, so take ya zauna a hannun wanda ya san mai shi. Mai gas ne ya zo ya haɗa mata, ya sa sabon tiyo, ya ƙi karɓar ko sisi.

Ƙunar ta warke, amma yatsun suka ƙage, ba sa iya riƙe ko cokali. Auta ce take ba ta abinci a baki. Mantuwar kuma ta ci gaba da cin abin da ya rage. Ta manta makarantar da ta yi wa aiki, ta manta gidan bene, ta fara gaida surukinta kamar baƙo, tana tambayarsa daga ina. Yaya ya nemi a mayar da shi hanya mafi kusa, yana zuwa akai-akai, ya zauna a bakin gado yana yanke mata farce, ita kuwa tana ce masa malam.

Wata yamma Auta ta dawo daga aiki ta tarar da Gwaggo ta tare ƙofar fita, Inna kuma ta sa takalmi, ta rataya jaka a hannun hagu, tana ta roƙo.

"Tun ɗazu take fama," in ji Gwaggo. "Wai gida za ta."

Inna ta juyo ta ga Auta, fuskarta ta washe. "Yauwa, baiwar Allah, ke da alama kina da kirki. Ki ce wa matar nan ta bar ni in tafi. Yara sun kusa tasowa daga makaranta, ban ɗora komai ba."

Auta ta tsaya da jakarta a kafaɗa. Wannan ne karo na farko da Inna ta dube ta ido cikin ido ba ta san ta ba. Auta ta ce, "Gwaggo, bar ta. Zo mu tafi, Inna, ni zan raka ki."

Suka fita, ta riƙe mata hannun mai lafiya. Suka bi gefen titi a hankali, suka wuce mai gyaran takalmi, suka wuce shagon aski, yara suna ta buga ƙwallo a wani fili. Inna tana ta ba ta labari.

"Biyu ne gare ni. Babban ba ruwansa, ko dutse kika dafa zai ci. Ƙaramar ce matsala. Ba ta cin albasa, sai na zauna na tsince mata ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ta kwana da yunwa."

"Ai yanzu tana ci," in ji Auta.

"Kin san ta ne?"

"Na san ta."

"To ba ki san ta da kyau ba. Rigimammiya ce. Amma tana da tausayi, ko kaza aka yanka sai ta yi kuka. Ita nake ji. Yayanta zai iya da kansa. Ita kam ban san wanda zai kula mini da ita ba."

Auta ta kau da kai tana kallon motocin da ke wucewa har idonta ya washe. "Za a kula da ita, Inna. Kada ki damu."

Suka zagaya ta bayan gidajen suka ɓullo ta ɗaya gefen. Kafin su iso ƙofa Inna ta gaji, ta manta inda za ta. Ta ga Gwaggo a tsaye ta ce mata sannu da gida, ta shiga ta zauna, aka cire mata takalmi.

Daga ranar kusan kowace yamma sai sun yi wannan zagayen. Masu shagunan layin suka saba da su, mai aski yakan fito ya ce, "Inna, a gaida yara," ita kuma ta ce za su ji. Da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, mijin Auta ya samo keken guragu, aka ci gaba da fita da ita a kai. Ta rasu wata safiya bayan an yi mata wanka an canza mata kaya, Gwaggo tana taje mata kai, Auta tana riƙe da kofin shayin da ba ta ƙarasa sha ba. Yaya yana hanya, sai bayan azahar ya iso.